Villem Bai Tafi Ba

Tartu, 3 ga Oktoba, 2017

Zuwa ga Kaka Miralda, ƙauyen Salme, Abkhaziya.

Bayan miƙa gaisuwar girmamawa, ina fatan wannan wasiƙa za ta riske ki cikin ƙoshin lafiya, gwiwa ta yi sauƙi, kunne kuma bai ƙara nauyi ba. Ni lafiyata ƙalau, haka ma mahaifiyata. Na san rabona da rubuto miki tun rasuwar mahaifina, amma karatu ne ya sha kaina. Ina mai farin cikin sanar da ke cewa jikan ɗan baffanki Endel, wato ni Kaarel, ya kammala digirinsa na shari'a da sakamako mai matuƙar daraja.

Maƙasudin wasiƙata shi ne wani cin fuska da aka yi wa zuriyarmu. A taron matasan jam'iyyarmu na bayyana aniyata ta neman shugabancin ƙasar Estoniya a shekarar 2036, lokacin da zan haura shekaru arba'in ɗin da kundin tsarin mulki ya gindaya. Sai wani mai suna Rasmus, wanda ilminsa bai taka kara ya karya ba, ya miƙe ya ce, "Kai ɗan garin lemo, zauna! Ubanka a jirgin 'yan gudun hijira ya zo daga Abkhaziya. Kujerar nan ta ɗan ƙasa na haihuwa ce, ba ta wanda aka tausaya wa ba." Aka kwashe da dariya. Na ce masa a asibitin Tartu aka haife ni. Ya ce, "Ko a ƙarƙashin teburin majalisa aka haife ka, jini ake tambaya, ba gado ba."

A nan, abin takaici, yana da gaskiya. Dokarmu ba ta duba inda aka yanke cibiya, tana duba ko uba ko uwa ɗan ƙasa ne ranar haihuwa. Mahaifiyata daga baya ta nemi nata da jarrabawa. Saboda haka dukkan matsayina ya rataya ne a kan takardar da kakanki Villem Roosmann ya karɓa a 1921, wadda ya zaɓi zama ɗan Estoniya da ita. Da ita aka ba mahaifina fasfo, da ita aka ba ni, da ita aka ba ki.

Na ƙudurta neman hukuma ta ba ni shaida a rubuce, mai hatimi, cewa ni ɗan ƙasa ne na haihuwa, domin in liƙa wa Rasmus ita a goshi. Ina roƙonki ki aiko mini da hoton takardar, da na shafin farko na Littafi Mai Tsarki inda ake rubuta haihuwa da mutuwa.

Ban sami sukunin zuwa Võru duba 'yarki Gwaggo Helgi ba tukuna, saboda cunkoson al'amura.

Jikanki mai biyayya,
Kaarel Roosmann, mai digirin shari'a

Salme, 22 ga Oktoba

Kaarel,

Na gaishe ka, ka gaishe da uwarka. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, kunne kuwa sai abin da ya ga dama yake ji. Wasiƙarka ta zo ta hannun maƙwabcina Ashot, shi ne mai tsallaka gadar kan iyaka ya ɗauko mana wasiƙu a gidan waya na Adler. Sau biyu na karanta ta, da tabarau da kuma ba tabarau, duka ban gane rabinta ba. Wa ya koya maka magana kamar rediyo?

Shugaban ƙasa! To, ranka ya daɗe. Ina tuna zuwanku kana ɗan shekara shida, agwagwa ta bi ka ka haye kan teburin cin abinci kana ihu. Idan ka hau kujerar ka tuna a kafa dokar agwagi.

Ga hotunan nan, 'yar Ashot ce ta ɗauka ta wanko. Ka ga gefen takardar ya ci wuta, fitila ce ta faɗa mata zamanin yaƙi. Kakana Villem ya yi tafiyar kwana huɗu kafin ya karɓo ta. Ya dawo ya ce wa kakata ta ɗaure kaya, za a koma Estoniya, ƙasar iyaye. Ta ɗaure. Sai ya leƙa bayan gida ya ga inabin da ya dasa shekara uku baya ya yi 'ya'yan fari. Ya ce a bari a tsinke. Da aka tsinke ya ce a bari ruwan ya nuna. Da ya nuna sai ga kakata da ciki. Haka dai. Akwatunan nan suna ɗaure har aka fara zama a kansu. Za ka ga rubutunsa a shafin, ƙasan sunan baffana: "1922, ba mu tafi ba, inabi ya yi kyau." Bai taɓa taka Estoniya ba har ya mutu, amma ko kare ya yi masa haushi da wani yare ba ya amsawa. Inabin yana nan, ya rufe mini rumfa.

Kai kuma ka ji kunya. Motar haya awa ɗaya ce daga Tartu zuwa Võru. Helgi ba ta da lafiya, ciwon daji ne a hanji, sun fara yi mata magani. Mijinta ya mutu, ba ɗa ba jika, daga ita sai kyanwa. Fasfona na Estoniya zai ƙare a Disamba. Da an gama tsinkar lemo zan je ofishin jakadanci in miƙa takardun sabuntawa, kafin bazara in tafi wurinta, kuma ba na jin zan dawo. Ɗayan fasfon da ake ba mu a nan ba ya kai mutum can, matar Ashot sau biyu tana neman biza da shi ana dawo mata da shi. Na Estoniyan nan shi ne ƙofata.

Ka ci abinci, na ga hotonka kamar sandar tuta.

Kakarka Miralda

Tartu, 9 ga Nuwamba

Kaka Miralda mai daraja,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya in ban da ɗan mura da sanyin kaka ya jawo.

Hotuna sun iso, kuma ba zan ɓoye miki ba, sai da idona ya kawo ruwa. "Ba mu tafi ba." Wace irin jimla ce wannan mai cike da kwarjini! Mutum ya rayu shekaru saba'in da biyu a bakin wani teku, bai taɓa ganin ƙasarsa da ido ba, amma bai saki harshenta ba. Wannan shi ne kishin ƙasa tsantsa, wanda irin su Rasmus ba za su taɓa fahimta ba.

Jiya na miƙa buƙatata ga hukumar da ke kula da sha'anin 'yan ƙasa. Fom ɗinsu shafi ɗaya ne tak, abin da na ga ya yi wa tarihinmu kaɗan, don haka na haɗa da bayani mai shafi goma sha huɗu. Na sanya jimlar Villem a matsayin kanun bayanin, da manyan baƙaƙe. Na tabbatar musu da hujjoji uku cewa bai taɓa barin Salme ba daga 1921 har rasuwarsa. Sannan na zana bishiyar zuriya gaba ɗaya, mutum goma sha ɗaya masu rai, da lambar fasfon duk wanda na sani. Sunanki ne a sama, a matsayin shaida mai numfashi. Matar da ta karɓa ta daɗe tana kallon shafin farko, ta ce, "Ka tabbata kana so in saka wannan a fayil?" Na ce mata ba a fayil kaɗai ba, ya cancanci gidan tarihi.

Batun Gwaggo Helgi yana raina. Da zarar na kammala shirye-shiryen babban taron matasa zan je.

Jikanki,
Kaarel

Salme, 26 ga Oktoba

Kaarel,

Lafiya lau, ba mutuwa aka yi ba. Kwana huɗu da aika maka waccan, ga wata, don hankalina bai kwanta ba.

Bayan coci na ba Liine labarinka, tsohuwar nan mai kula da waƙa, don ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta kama hannuna ta ce, "Miralda, ke da hankalinki? Shafin kika aika masa?" Na ce eh mana. Ta ce, "Tsufa ya cinye miki kai. Ba ki san takardar nan da sharaɗi aka ba da ita ba? Duk wanda ya karɓa sai ya tashi ya koma cikin shekara guda. Waye a Salme ya tashi? Shi ya sa in mun je sabuntawa muke miƙa takarda da hoto mu ja bakinmu mu yi shiru. Su ba su tambaya, mu ba mu faɗa. Shekara ashirin da biyar haka muke yi."

Ni ban taɓa sanin dalilin shirun ba, na ɗauka ladabi ne. Kai ne mai karatun shari'a, ka duba. Amma ina roƙonka, kada ka nuna wa kowa shafin nan. Ka bar wannan Rasmus ya yi ta haushinsa, ba a mutuwa da dariyar yara. Ka bari in karɓi fasfona in ga Helgi, bayan nan ka zama sarkin duniya ma in kana so.

Miralda

Tartu, 15 ga Disamba

Kaka Miralda,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan tsinkar lemo ta zo da albarka. Murar ta sake ni.

Wasiƙarki ta 26 ga Oktoba sai shekaranjiya ta iso, ambulan duk tabon lemo. Hatimin gidan waya na 4 ga Disamba ne. Ina kyautata zaton ta yi mako biyar a motar Ashot yana layin gada da kayansa. Da ta zo a kan kari, wataƙila da na rage tsawon bayanin.

Sai dai ina so ki kwantar da hankalinki ƙwarai. Na koma na karanta yarjejeniyar da ta haifar da takardar Villem da kaina, kuma lallai akwai maganar shekara guda a ciki. Amma a mahangar masana, wannan umarni ne na tafiya, ba sharaɗi ne na zama ɗan ƙasa ba, kuma tsakanin biyun akwai tazara mai faɗi wadda Liine, da dukkan girmamawa, ba ta da horon hangowa. Bugu da ƙari, kundin tsarin mulki ya faɗa ƙarara cewa ba a ƙwace wa kowa zama ɗan ƙasa da ya samu ta haihuwa. Wannan katanga ce ta ƙarfe. Tsarin shiru da kuka runguma tsari ne na tsoro, ni kuwa zamanina na haske ne. Ki je ki miƙa takardunki kanki a sama.

Na kira Gwaggo Helgi a waya. Muryarta da ƙarfi.

Jikanki,
Kaarel

Salme, 20 ga Maris, 2018

Kaarel,

Ina gaishe ka. Jiki ba daɗi, amma ba shi ne abin faɗa ba.

Na je a Janairu, kwana biyu a jirgin ƙasa, na miƙa, na yi shiru kamar kullum. Makon jiya Ashot ya kawo amsa. Shafi biyu ce, na kai wa Liine muka karanta tare. Sun ce bisa bayanan da wani daga cikin zuriya ya gabatar, Villem Roosmann bai cika sharaɗi ba, don haka bai taɓa zama ɗan ƙasa ba, 'ya'yansa ma haka, mu ma haka. Sun ce fasfon da suka ba ni sau uku bisa kuskure ne. Har da ba ni haƙuri.

Katangarka ta ƙarfe, sun ce ba su ƙwace mini komai ba, tunda dama ban taɓa samu ba.

Liine ta naɗe takardar ta miƙo mini. Ranar Lahadi a coci benci biyu babu wanda ya zauna kusa da ni. Akwai gida tara a nan da kakanninsu ba su tafi ba, kowa yana lissafin ranar da nasa zai ƙare.

Ba zan zage ka ba. Ni na ba ka shafin da hannuna, ina dariya. Na fita na tsaya ƙarƙashin inabin da gatari, sai na ga hannuna ba zai iya ba, na koma ciki.

Helgi ta daina faɗa mini gaskiya a waya, ni kuma ba na jin rabin abin da take faɗa. Wannan muryar mai ƙarfi da ka ji, tun tana yarinya haka take yi in tana jin ciwo. Abu ɗaya nake so. Ka hau mota ka je. Ka kai mata baƙin burodi da miyar kaza, ka share mata ƙanƙarar ƙofa. Ka zauna. Kada ka yi mata jawabi.

Miralda

Tartu, 24 ga Afrilu

Kaka,

Ina gaisuwa. Ban san yadda zan tambayi lafiyarki ba.

Tawa amsar ta riga taki zuwa da mako biyu, na kasa rubuto miki. Na ɗaukaka ƙara a madadinmu duka, shafi talatin, aka mayar mini da amsa a sakin layi ɗaya. Na je ofishin da kaina na sami matar da ta karɓi fom ɗina. Na fara kawo mata sassan doka, ta ɗaga hannu ta ce, "Saurayi, na tambaye ka ranar nan, ko ban tambaye ka ba?" Na ce ta tambaya. Ta ce, "Shekarata goma sha tara a kujerar nan. Ban taɓa ganin wanda ya kawo hujja a kan kansa har guda uku, da lambobin shafi ba." Na ce kakata tana da 'ya a gadon ciwo. Ta ce ta sani, ta karanta fayil ɗin, kuma da za ta iya mantawa da shafin farko da ta manta. Ta ƙara da cewa babbar kotu ta yanke irin wannan hukunci a shari'ar wasu a watan jiya, don haka ko ba ni, ranar tana tafe. Na so in riƙe wannan magana in sami sauƙi. Amma ke a Janairu kika miƙa. Da ban yi abin da na yi ba, da fasfonki ya fito a Fabrairu.

Ni an ce ina iya neman zama ɗan ƙasa da rajista, tunda a nan nake zaune. Wanda ya samu ta wannan hanya yana iya zama komai in ban da abu ɗaya, kin san shi. Ke kuwa sai kin zauna a nan shekaru kafin ki nema, kuma ba ki da abin shigowa. An ce 'yan majalisa suna tattauna mafita. Na rubuta wa shida. Ɗaya ya amsa, ya ce bayan hutun bazara.

Ina zuwa Võru duk Asabar da Lahadi. Ranar farko ta buɗe ƙofa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "A'a, Shugaban Ƙasa da kansa? Ina masu jiniya?" Ta rame ƙwarai, Kaka, ba zan yi miki irin tata ba. Miyar cokali uku take sha, sauran kyanwa. Na faɗa mata abin da na aikata. Ta ce, "Kai dai jinin Villem ne. Shi ya ƙi tashi, kai ka ƙi zama." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "To yaushe Mama za ta zo?" Na buɗe baki, na tuna abin da kika ce, na tashi na wanke kwanuka.

Kaarel

Võru, 11 ga Yuni

Kaka,

Na san Ashot ya isar miki da saƙon waya. Wannan don ki san yadda aka yi ne.

Ranar Talata da hantsi ta cika, taga a buɗe, ina riƙe da hannunta. Ba ta sha wuya a ƙarshe ba. Wasiƙarki ta Maris tana ƙarƙashin matashinta, ta karɓe ta daga hannuna tun tuni don ta riƙa ganin rubutunki.

An binne ta Asabar kusa da mijinta. Kin san al'adar mutanen nan, a hanyar maƙabarta ana tsayawa a bakin daji, namiji mafi kusa da mamaci ya yanka gicciye a jikin bishiya. Motoci suka tsaya, kowa ya fito, aka yi ta duban juna. Wani tsoho maƙwabcinta ya zaro wuƙa ya ce, "Waye nata?" Ba wanda ya motsa. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan Tartu mai kawo miya, me kake jira? Ko sai an kaɗa maka ƙuri'a?" Na ce dangantakarmu da nisa. Ya ce, "Akwai wanda ya fi ka kusa a nan?"

Babu. Na karɓi wuƙar. Ban taɓa yanka komai da ya wuce burodi ba, gicciyen ya fito a karkace, ƙaro ya manne mini a hannu. Bishiya ta huɗu ce daga kwanar hanya, ta dama. Na yanka shi ƙasa-ƙasa, daidai tsayinki, yadda ba sai kin ɗaga kai ba.

Kyanwar tana wurina. Na fita daga jam'iyya.

Kaarel

Salme, 8 ga Yuli

Kaarel,

Na samu. Na gode da ka zauna.

Liine ta zo ta kwana biyu a nan, mun yi waƙoƙin da ake yi. Ta ce wai ana maganar za a ba mu fasfo na wucin gadi nan gaba. In sun ba da, ka ce su ba wanda yake da wurin zuwa.

Akwatuna biyu na ɗaure tun Disamba. Suna nan bakin ƙofa, jiya na ga Ashot ya zauna a kan ɗaya yana cire takalmi, ban hana shi ba.

Na buɗe Littafin na rubuta sunan Helgi da rana. Da sauran wuri kaɗan a ƙasan shafin, sai na ƙara layi ɗaya: "2018, ban tafi ba." Inabin ya yi 'ya'ya bana har reshe yana taɓa ƙasa. Wannan ban rubuta ba.

Ka riƙa ba kyanwar kifi, ba ta son kaza.

Kakarka Miralda